Jim Thorpe

James Francis Thorpe (Mayu 1887 – 28 ga Maris, 1953) ɗan wasan Amurka ne daga ƙabilar Sac da Fox, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Ya yi fice a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, da guje-guje da tsalle-tsalle, da wasan besbol. An fi tunawa da shi da shekarar 1912, lokacin da ya ci zinare biyu a gasar Olamfik, ya kuma jagoranci ƙungiyar makarantar Carlisle a kakar da ta fi shahara a tarihinta.

Farkon rayuwa

An haife shi kusa da garin Prague, a yankin da daga baya ya zama jihar Oklahoma. Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa Charlie, wanda ciwon huhu ya kashe suna da shekara tara. A 1904 aka kai shi makarantar Carlisle da ke jihar Pennsylvania. Richard Henry Pratt ne ya kafa ta a 1879 don raba yaran 'yan asalin ƙasar da harshensu da al'adunsu. A can ne koci Glenn Warner ya gano baiwarsa.

Kakar 1911 da 1912

A 1911 Carlisle ta ci wasa 11, ta sha kashi sau ɗaya. Ta doke Harvard da ci 18 da 15, inda Thorpe ya buga ƙwallo ta tsakanin sanduna har sau huɗu.

A bazarar 1912 ya je Stockholm, babban birnin Siwidin, ya lashe gasar wasanni biyar da ta wasanni goma. Yana dawowa ya shiga kakar ƙwallo. Ƙungiyar ta buga wasa 14: ta ci 12, ta yi canjaras da Washington da Jefferson, jami'ar Pennsylvania kaɗai ta doke ta. Thorpe ya tara maki 198, ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa sau 25.

Wasan da ya fi jan hankali shi ne na ranar 9 ga Nuwamba a West Point, da makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Shekara 22 kacal ke nan da kisan da sojoji suka yi wa 'yan ƙabilar Lakota a Wounded Knee, don haka karawar ta wuce ta ƙwallo kawai. Carlisle ta yi nasara da ci 27 da 6. Cikin 'yan wasan sojan akwai Dwight Eisenhower, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya.

Ƙwace lambobi

A Janairun 1913 wata jarida ta bayyana cewa an biya shi 'yan kuɗi kaɗan ya buga besbol a North Carolina a 1909 da 1910. Ɗalibai da yawa na yin haka, amma da sunan boge. Shi da sunansa ya yi. Dokar lokacin ta hana wanda ya taɓa karɓar kuɗin wasa shiga Olamfik, sai aka ƙwace lambobinsa.

Ƙarshen rayuwa

Ya buga wa New York Giants besbol, ya koma ƙwallo da Canton Bulldogs a 1915. A 1920 ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NFL. Bayan ya bar wasa ya yi fama da talauci da shan giya, ya yi aikin lebura da ƙananan fitowa a finafinai. Ya rasu a Lomita, jihar Kalifoniya.

A 1983 kwamitin Olamfik na duniya ya miƙa wa 'ya'yansa sababbin lambobi, amma sai a Yulin 2022 aka mayar da sunansa a matsayin zakaran gasannin biyu shi kaɗai.