Baba ta Karo: Ungozomar da ba ta taɓa haihuwa ba, ta fito da zancen cikin gida fili

Auren dole, mutuwar aure, rashin haihuwa da asalin bauta na daga cikin batutuwan da har yau ake rage murya idan za a ambace su a gidajen Hausawa, ko a gida ko a ƙasashen ci-rani. Sai dai fiye da shekara 70 da suka wuce, wata tsohuwa a garin Giwa da ke ƙasar Zazzau ta yi bayani a kan dukkansu dalla-dalla, kuma da rayuwarta ta kafa misali.

Sunanta Baba, duniya kuma ta san ta da Baba ta Karo. Ba ta da sarauta, ba ta yi boko ba, amma littafin da ke ɗauke da labarinta, wanda aka buga a Landan a 1954, ya zama ɗaya daga cikin manyan madogara ga masu nazarin rayuwar matan Afirka.

Jikar baƙi daga Borno

An haifi Baba a ƙarshen ƙarni na 19, shekarar da aka fi ambata ita ce 1877. Mahaifarta Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, tsakanin Kano da Zariya. A yau Zarewa na cikin ƙaramar hukumar Rogo ta jihar Kano.

Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malamin allo. Sunan mahaifiyarta Fatsuma. Zuriyarsu baƙi ne a wannan ƙasa, domin wanda ya kafa ta, Ibrahim Dara, daga Borno ya zo. Da Hausa Baba ta tashi, cikin al'adun Hausa ta yi aure ta tsufa, amma danginta ba su manta cewa su Barebari ba ne. Irin wannan zama, na mutum ya zama ɗan gari alhali ana tuna masa inda kakanninsa suka fito, shi ne abin da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Abidjan, Kumasi, Khartum ko Jidda suke ciki a yau.

Gidan masu bayi

Baba ba ta ɓoye cewa danginta sun mallaki bayi ba. Ta bayyana yadda rinjinsu yake: bayi na aiki a gandun ubangijinsu daga hantsi zuwa Azahar, sannan su koma 'yan gonakinsu. 'Ya'yansu da 'ya'yan gida tare suke wasa, suna kiran juna da sunan 'yan'uwantaka, amma idan zancen aure ko gado ya taso kowa ya san matsayinsa.

Ta kuma ba da labarin ɗaya ɓangaren. A zamanin yarintarta 'yan hari na kama mutane a gona ko a hanya, kuma danginta ma sun ɗanɗana. An sace musu mata da yara, sai da aka tara dubban wuri aka fanso su. Wanda yake ɗa da safe, kafin faɗuwar rana yana iya zama bawa.

Wannan ne ya sa, a bayaninta, talakawa da dama ba su yi baƙin ciki da zuwan Turawa ba. Sojojin Birtaniya sun shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Gwamnatin Lugard ta ayyana cewa duk yaron da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya. Bayin Karo da yawa sun kama gabansu, arzikin gidan su Baba ya ja baya.

Akwai wani sauyi da ya biyo baya wanda ba a cika ambata ba. Tun da aikin gona a wancan lokaci alama ce ta baiwa, matan da suka samu 'yanci sun janye daga gona suka shiga kulle, don a san su ma 'ya'ya ne. Masana sun dogara da bayanan Baba wajen nuna cewa yaɗuwar kulle a karkara na da alaƙa da ƙarshen bauta.

Aure huɗu

Tana da kimanin shekara 14 aka ɗaura mata auren zumunci da ɗan'uwanta Duma. Ba ta aibata shi ba, ta ce sun zauna lafiya. Abin da babu shi ne so. Ta amince ne don kada ta saɓa wa mahaifinta, alhali akwai wani Malam Maigari da ya nemi aurenta, ta kuma yi masa alkawarin za ta zo daga baya.

Ta cika alkawarin. Bayan 'yan shekaru ta fita daga gidan Duma, ta gama idda, ta auri Malam Maigari. Sun daɗe tare, amma Allah bai ba su haihuwa ba, daga ƙarshe suka rabu.

Mijinta na uku shi ne Malam Hasan, manomi kuma yari a Giwa, garin da Fagacin Zazzau ke hakimci a wancan lokaci. Mutuwa ce ta raba su. Na huɗu, wanda ta yi da tsufa, auren takalmi ne da wani mai suna Ibrahim, wato kowa na zaune a gidansa, sai dai ziyara.

Yadda ta ba da wannan labari ya nuna cewa a zamaninta mutuwar aure ba ta zama tabon da ke bin mace har kabari ba. Auren fari na iyaye ne, na gaba kuwa mace na da bakin magana. Ta yi bayanin zawarci, kishi, ƙawance, tsarance tsakanin samari da 'yanmata, da yadda wasu matan aure ke yin kwartanci a ɓoye. Ta yi maganar karuwai da 'yan bori a matsayin mutanen gari da kowa ya san da zamansu.

Rashin haihuwa da aikin ungozoma

A cikin aure huɗu, Baba ba ta taɓa haihuwa ba. A al'ummar da ake auna darajar mace da 'ya'yanta, wannan babban nauyi ne. Abin da ya tallafe ta shi ne al'adar riƙo: dangi sun ba ta yara ta goya, ta rena, ta aurar, suka zama nata a idon kowa.

Daga baya ta zama ungozoma a Giwa. Matar da ba ta taɓa naƙuda ba ita ce ake bugawa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta kama wata. Ta bayyana yadda ake yanke cibiya, da wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa, da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, da kunyar ɗan fari da ke hana uwa ambatar sunan ɗanta.

Waɗannan bayanai sun yi amfani fiye da yadda za a zata. A shekarun 1970, likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan mata masu jego da zuciyarsu ke gazawa. Bincikensu ya danganta hakan da yawan gishirin da ke cikin kanwa, haɗe da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Abin da ake yi da niyyar ƙarfafa mai jego, shi ne ke ɗora wa zuciyar wasu nauyin da ya fi ƙarfinta.

Game da rashin haihuwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci sun tabbatar da cewa matsalar kan fito daga namiji kamar yadda take fitowa daga mace, kuma wasu nau'o'inta na warkewa. Duk da haka, a gidaje da dama mace ake fara tuhuma, kuma ƙarin aure kan riga zuwa asibiti.

Yadda labarin ya zama littafi

A 1949 wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya zo bincike ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary. Shi namiji ne, ba shi da ikon wuce zaure. Mary kuwa tana jin Hausa, tana shiga cikin gida. A nan ta haɗu da Baba.

Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, sun shafe kusan mako 6 suna zama, Baba na magana, Mary na rubutawa da Hausa. Daga baya ta fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Faber and Faber ya buga a 1954. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981, sannan aka fitar da na Hausa a Kano da sunan Labarin Baba.

Ita kanta ba ta ga littafin ba. Ta rasu a Giwa a watan Yunin 1951.

Abin da bai wuce ba

Batutuwan da Baba ta taɓo ba su tsaya a ƙasar Zazzau ba. A Adar da ke jihar Tahoua ta Nijar, ci-rani ya zama hanyar rayuwa. Daga Barmou, Keita, Bouza da Illela, samari na tafiya Abidjan, Najeriya, Kamaru ko Libiya, wani lokaci su yi shekaru ba su dawo ba. Matar da aka bari a gidan surukai ita ke amsa tambayar dalilin da ya sa shiru har yanzu, ko da mijin bai cika wata biyu a gida ba cikin shekara.

Zancen asali ma yana nan. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, ta samu gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, 'yar jihar Tahoua da aka sayar tana da shekara 12 a matsayin wahaya, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, na ci gaba da fafutuka a kan lamarin. Har yanzu akwai auren da ke rushewa a matakin bincike saboda an ce kakan wani bawa ne. Alƙaluman UNICEF kuma na nuna cewa kusan kashi 76 cikin 100 na 'yanmatan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Hijira ba ta sauke wannan nauyi, sau da yawa ma ƙara shi take yi, domin baƙo na tsoron abin da za a faɗa a gida. An ga haka a tsakanin 'yan asalin Pakistan, Indiya da Bangaladash da ke zaune a Birtaniya, inda kare mutuncin dangi ke sa a rufe zancen auren dole da lalurar ƙwaƙwalwa. Sai da gwamnatin ƙasar ta kafa sashe na musamman kan auren dole a 2005, ta kuma mayar da shi laifi a 2014.

Masu cewa tattauna irin waɗannan abubuwa baƙuwar ɗabi'a ce da intanet ta kawo, tarihin Baba bai goyi bayansu ba. 'Yar malam ce, matar malamai, mai sallah da azumi, wadda ta girma kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ta faɗi wanda ta so da wanda ba ta so ba, ta faɗi cewa ba ta haihu ba, ta faɗi cewa gidansu ya riƙe bayi, kuma hakan bai rage mata daraja a Giwa ba. Har ƙarshen rayuwarta mutanen garin na kiran ta idan haihuwa ta zo.