Zaidu ɗan Harisa, yaron da aka ba zaɓi

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar Zaidu ɗan Harisa (R.A), sahabi guda tilo da Alƙur'ani mai girma ya ambata da sunansa.

Ɗan ƙabilar Kalbu ne. Yana yaro ƙarami mahaifiyarsa Su'uda ta tafi da shi ganin danginta, sai mahara suka auka musu, suka kama shi, aka kai shi kasuwar Ukaza. Hakimu ɗan Hizamu ya saya wa gwaggonsa Nana Hadiza shi a kan dirhami 400, ita kuwa ta ba Annabi (S.A.W) kyautarsa, tun gabanin saukar wahayi.

Harisa ya shiga duniya yana cigiya, yana zuba baitocin bege, bai san ko ɗansa na raye ba balle ya yi masa makoki. Iyayenmu sun ce ɓata ta fi mutuwa ciwo. Bayan shekaru wasu ƴan Kalbu suka gane yaron a Makka. Harisa da ɗan'uwansa Ka'abu suka iso da dukiyar fansa. Annabi bai karɓi ko dirhami ba, sai ya bar wa Zaidu zaɓi. Ga uba tsaye, ga hanyar gida buɗe, amma ya zaɓi zama. Mukan yi saurin wuce wannan wuri, mu mance da zuciyar tsohon da ya sha wannan tafiya. Shi Annabi bai mance ba: ya kai Zaidu gaban Ka'aba, ya shaida wa jama'a cewa ɗansa ne. Harisa ya koma hankalinsa kwance.

Shekaru masu yawa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har Suratul Ahzabi ta sauka a Madina da umurnin a kira ɗan riƙo da sunan mahaifinsa. Babu sunan da ya kai wanda aka karɓe masa daraja, amma ya miƙa wuya. Ya koma ɗan Harisa, ƙaunar kuwa ba ta ragu ba.

A shekara ta 8 bayan Hijira, wato 629, Annabi ya ba shi tutar rundunar mutum 3,000 zuwa Mu'uta, cikin ƙasar Jodan ta yau. Can ya yi shahada. Da Annabi ya je gidansa gaisuwa, ɗiyar Zaidu ta taryo shi tana kuka, shi ma ya yi kuka har aka ji shessheƙarsa.