Sarauniya Mangu Ta Lugu: Rayuwarta Da Yadda Adabi Ya Sake Fito Da Ita

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi zancen jarumtakar mata a ƙasar Hausa, sunan da ke fara zuwa bakin ɗalibi shi ne na Amina ta Zazzau. Amma akwai wata mace wadda zamaninta ya fi kusa da namu, labarinta kuma ya shiga takardun Turawa, ya shiga ƙagaggen labari, ya shiga majigi. Wannan ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu. A wannan ɗan rubutu za mu dubi rayuwarta, sa'an nan mu dubi yadda masu karatu suka karɓi hoton da adabi ya yi mata.

Asalinta da sarautarta

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa, cikin yankin Dogon Dutse na jihar Doso a Jamhuriyar Nijar. Mutanen wurin Hausawa ne masu bin addinin gargajiya, waɗanda ake kira Azna, kuma sun riƙe al'adunsu har bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kalmar Sarauniya a Lugu sunan sarauta ce da mata ke gada ɗaya bayan ɗaya, Mangu kuwa ita ce ke riƙe da ita a ƙarshen ƙarni na 19. Tarihin baka ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, tare da wani dutse mai suna Tunguma, wanda ake kai wa ƙara ya raba gardama. Idan Sarauniya ta mutu, akan yi tarkama, watau a ɗauki gawarta a yi ta zagayawa, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. Aikin mai wannan sarauta shi ne tsare ƙasa ta hanyar tsafi, da roƙon ruwa, da sasanta jama'a. Zaman ɗaki take yi, ba a cika ganin fuskarta ba.

Yaƙin Lugu

A shekarar 1898 gwamnatin Faransa ta tura wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, da nufin su ratsa ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, sauran sojoji ne baƙar fata, da 'yan dako, da bayin da ake kamawa a hanya. Da yake taron ya fi ƙarfin guzurinsu, sai suka mai da kwasar ganima sana'a. Garin da ya hana su hatsi ko ruwa a ƙone shi, wanda ya ba su ma ba lalle ya tsira ba. Tun daga Sansanin Hausa, a watan Janairu na 1899, labarin ta'asarsu ya riga su isa ko'ina.

Sarakuna da dama sun ga sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, suka ba da hanya. Mangu ta ƙi. A tsakiyar watan Afrilu na 1899 rundunar ta auka wa Lugu, mayaƙan Azna suka tare ta da kwari da baka. Da wuta ta yi wuta sai suka janye cikin wani kurmi mai sarƙaƙiya, suka ci gaba da harbi daga ciki. Bisa lissafin Faransawa da kansu, an kashe masu soja 4, an raunata 6, sun kuma ƙarar da harsashi wajen 7,000. Sun ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba, kuma bayan wucewarsu jama'a suka komo suka sake gini.

Daga nan rundunar ta wuce Birnin Ƙonni a watan Mayu, inda ta yi kisan da har yau ba a manta da shi ba. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana uku ba su cika ba sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Watau wata uku kacal bayan yaƙin Lugu, duka biyun sun kwanta dama. Nan ne bakin jama'a ya ce asirin Sarauniya ne ya bi su ya haukata su, har wasu na cewa takan rikiɗa ta zama damisa.

Daga tarihi zuwa ƙagaggen labari

Takardun Faransawa sun ambace ta a taƙaice, a matsayin wata tsohuwar matsafiya, sunanta kuma ya daɗe bai wuce ƙasar Arewa ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdullahi Mamani (1932–1993), ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da ɗauri. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari da Faransanci mai ɗauke da sunan sarautarta. A cikinsa Sarauniya matashiya ce mai idon damisa, wadda ta koyi harbi da haɗa magani, ba ta ƙarƙashin wani namiji, tana kuma jan mayaƙa da kanta. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin fim a Burkina Faso, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na 1987.

Yadda masu karatu suka karɓe ta

Masu kishin ƙasa sun ga wadda ta tsaya a lokacin da maza suka sunkuya, shi ya sa aka sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta a Yamai, gwamnatin sojan da ta hau mulki a 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Masu fafutukar 'yancin mata sun ga shaida cewa shugabancin mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manazarta irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho kuwa sun jawo hankali ga tazarar da ke tsakanin jarumar littafi da Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani, wadda ƙarfinta ke cikin keɓewa da tsafi. Ga mai karatu Musulmi ma akwai abin tsayawa, domin tauraruwar ba Musulma ba ce, littafin kuma bai nuna sarakunan Musulunci da kyakkyawar fuska ba.

Irin wannan ce-ce-ku-ce mun gan shi a Kano game da littattafan mata. Alal misali, a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Rabi ba ta ɗauki makami ba. Mijinta ya kore ta da 'ya'ya, ta shiga sayar da abinci, duniya ta rama mata a kansa. Duk da haka adabin kasuwar Kano ya sha suka cewa yana kangarar da 'yan mata, har aka ƙone wasu littattafai a bainar jama'a a 2007. Abin lura shi ne, jama'a sukan yi tafi idan fushin mace ya nufi baƙon azzalumi, amma idan ya nufi azzalumin cikin gida sai a ce tarbiyya ta lalace.

Kammalawa

A ganinmu, bai kamata a tuhumci Mamani da ƙarya ba, domin ƙagaggen labari ya rubuta, kuma ba don shi ba da yawancinmu ba mu ji sunan Mangu ba. Sai dai wajibi ne ɗalibin adabi ya bambance abin da ya auku da abin da marubuci ya ƙara. Abin da ya tabbata ya isa abin tunawa: mace ce ta ƙi miƙa wuya ga rundunar da ta gagari garuruwa masu ganuwa. Saura da me, tun da Hausa Mangu ta yi magana, ya dace a ce sashenmu ya ɗauki nauyin fassara littafin nan zuwa Hausa, a kuma je Lugu a tattaro abin da ya rage a bakin dattawa tun ba su ƙare ba.