George C. Tilyou

George Cornelius Tilyou (an haife shi ranar 3 ga watan Fabrairu, 1862, ya rasu ranar 30 ga watan Nuwamba, 1914) ɗan kasuwa ne Ba'amurke wanda ya kafa wurin wasanni da nishaɗi na Steeplechase Park a Coney Island, wata unguwa da ke bakin Tekun Atlantika a kudancin Brooklyn, cikin birnin New York. Steeplechase shi ne na farko da aka buɗe cikin manyan wuraren wasanni 3 da suka yi gogayya a unguwar a farkon ƙarni na 20. Sauran biyun su ne Luna Park da Dreamland. Shi ne kuma ya fi su daɗewa, domin ya yi aiki daga 1897 har zuwa 1964. An fi tunawa da Tilyou saboda yadda ya tsara wasanninsa ta yadda masu ziyara da kansu ke zama abin kallo ga junansu, dabarar da ta ba shi damar tsayawa a kasuwa a gaban abokan hamayyar da suka fi shi kashe kuɗi.

Farkon rayuwa

An haifi Tilyou a birnin New York. Sunan mahaifinsa Peter Tilyou, mahaifiyarsa kuma Ellen Mahoney. A shekarar 1865, yana da shekara 3, iyayensa suka koma Coney Island, inda mahaifin ya buɗe masauki da gidan abinci mai suna Surf House domin masu zuwa wankan teku. A lokacin unguwar rairayi ne da 'yan masaukai, kuma kasuwarta ta 'yan watanni ce, saboda sanyin hunturu na hana mutane zuwa bakin teku.

Tun yana yaro ya shiga neman na kansa. Ana ba da labarin cewa a 1876, shekarar da aka yi babban baje koli a Philadelphia, baƙi daga jihohin da ke nesa da teku sun riƙa biyowa ta Coney Island, shi kuma yana ɗan shekara 14 ya riƙa ɗura ruwan teku a kwalabe da rairayi a ƙananan akwatuna yana sayar musu a matsayin tsaraba. Daga baya ya shiga dillancin filaye, sannan a 1882 shi da mahaifinsa suka buɗe gidan wasan kwaikwayo na Surf Theatre.

Rikici da John Y. McKane

A wancan zamani Coney Island na ƙarƙashin garin Gravesend ne, kuma wani ɗan siyasa mai suna John Y. McKane ke riƙe da shugabancin garin da na 'yan sandansa a lokaci guda. Bayar da hayar filayen gwamnati da lasisin kasuwanci duk a hannunsa suke. A 1887, da majalisar dokokin jihar New York ta kafa kwamitin bincike kan cin hanci a yankin, Tilyou ya fito ya ba da shaida a kan McKane, alhali yawancin 'yan kasuwa sun yi gum don tsoro. Binciken bai kayar da McKane ba, kuma iyalan Tilyou suka ɗanɗana kuɗarsu: harkokinsu suka durƙushe na wasu shekaru. Sai a 1894, bayan an samu McKane da laifin maguɗin zaɓe aka ɗaure shi a gidan yarin Sing Sing, Tilyou ya samu sararin komawa kasuwa sosai.

Daga lilo ɗaya zuwa Steeplechase

A 1893 Tilyou ya auri Mary O'Donnell, suka tafi Chicago kallon baje kolin duniya na wannan shekara. A can ya ga ƙaton lilon nan mai juyawa kamar ƙafar keke wanda injiniya George Ferris ya ƙera, mai tsayin ƙafa 264 da ɗakunan zama 36. Ya nemi saye bai samu ba, sai ya dawo gida ya sa aka ƙera masa ƙarami mai tsayin ƙafa 125. Tun kafin a kawo shi ya kafa allo a filin yana sanar da cewa a nan za a kafa lilo mafi girma a duniya, duk da cewa bai kai rabin na Chicago ba. Sanarwar ta sa 'yan kasuwa suka kama hayar wurare a kewayen filin. Tallata abin da ke tafe tun kafin ya iso ya zama ɗabi'arsa a duk rayuwar kasuwancinsa.

Da farko wasanninsa a warwatse suke a unguwar, kowanne da kuɗin hawansa. A 1895 sai Kyaftin Paul Boyton ya buɗe Sea Lion Park, ya kewaye wasanninsa da shinge, ya sa kuɗin shiga a ƙofa. Shingen ya hana 'yan caca da 'yan sane cuɗanya da baƙi, ya kuma sa iyalai suka fi sakin jiki. Tilyou ya ɗauki wannan tsari, ya buɗe Steeplechase Park a 1897 a fili mai faɗin kimanin eka 15.

Sunan wurin ya samo asali ne daga wani nau'in sukuwar dawaki ta tsallake shinge da aka sani a Ingila da Ireland. Babban wasan wurin shi ne kwaikwayon wannan sukuwa, wanda aka fara ƙirƙira a Ingila: dawakan katako a kan layukan dogo na ƙarfe da ke jere da juna, ana jan su zuwa tudu, sannan nauyinsu ya gangaro da su suna hawa da sauka. Mutum 2 ke hawan doki ɗaya, kuma galibi dokin da ya fi ɗaukar nauyi ke yin gaba. Alamar wurin kuwa hoton fuskar wani mutum ne mai wangale baki yana murmushi, haƙora a waje, wadda har yau ake danganta ta da Coney Island.

Gogayya da Luna Park da Dreamland

Da yake kasuwar ta lokacin zafi ce kawai, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, masu wuraren wasanni kan yi hunturu suna gina sabon abin da zai ja jama'a a kaka mai zuwa. Wanda ya buɗe ba tare da sabon abu ba, maƙwabcinsa zai kwashe masa mutane.

A 1901 Tilyou ya je baje kolin Pan-American a birnin Buffalo, inda ya ga wasan A Trip to the Moon na Frederic Thompson da Elmer Dundy. A wasan, mutane kan shiga wani jirgi mai fukafukai, a riƙa motsa shi tare da zane-zane da haske da iska har su ji kamar sun tashi sama sun sauka a duniyar wata. Tilyou ya gayyace su suka kawo wasan Steeplechase a kakar 1902 bisa yarjejeniyar raba riba. Shekarar ta zo da ruwan sama mai yawa wanda ya karya kasuwar Sea Lion Park, amma wasan watan ya cika Steeplechase da jama'a. Da kaka ta ƙare, ba su daidaita kan kason kowa ba, sai Thompson da Dundy suka kama hayar filin Sea Lion Park. Ranar 16 ga watan Mayu, 1903 suka buɗe Luna Park, mai hasumiyoyi da kubbobi da aka ƙawata da ƙwayayen fitilar lantarki kimanin 250,000, a lokacin da gidaje da yawa a Amurka ba su da lantarki. Ta haka waɗanda Tilyou ya kawo da hannunsa suka zama manyan abokan hamayyarsa.

A watan Mayun 1904 wani tsohon ɗan majalisar dattawan jiha kuma dillalin filaye, William H. Reynolds, ya buɗe Dreamland. Tsarinsa shi ne ya kwaikwayi duk abin da Luna Park ke da shi, ya ninka. An shafe gine-ginen da farin fenti, an sa fitilu kimanin miliyan 1, an gina hasumiya mai tsayin ƙafa 375. Luna Park na da wasan kwaikwayon kashe gobara, Dreamland ma ya shirya nasa. Luna Park na da gangaren da kwale-kwale ke sulalowa ya faɗa ruwa, Dreamland ya gina 2.

Tilyou bai bi su wannan tsere na kashe kuɗi ba. Ya lura cewa abin da ya fi sa mutane dariya shi ne ganin 'yan'uwansu suna tangaɗi da faɗuwa. Don haka ya cika wurinsa da na'urori masu sauƙin ƙira: ƙatuwar ganga mai juyawa da sai an ratsa ta, matakala mai girgiza, da faifan katako mai santsi da ke juyawa har ya watsar da waɗanda ke zaune a kai. Masu saukowa daga dawaki kan fito ta kan wani dandamali inda iska ke bugowa daga ƙasa ta ɗaga huluna da tufafi, ga 'yan barkwanci na tsokanarsu, jama'a kuma na zaune a kujeru suna kallo. Wanda aka yi wa dariya yanzu, an jima zai zauna ya yi wa na bayansa. A yau ana kallon wasu daga cikin waɗannan wasanni a matsayin cin fuska, musamman ga mata. Ta fuskar kasuwanci kuwa, sun ba shi riba biyu: ba sai ya biya ɗaruruwan 'yan wasa ba kamar maƙwabtansa, kuma wasan ba ya tsufa tunda kullum sabbin fuskoki ne. Ya kuma fito da tikiti ɗaya na senti 25 da ke ba mutum damar hawan wasanni 25.

Gobarar 1907 da sake gini

Da asubahin ranar 28 ga watan Yuli, 1907, a tsakiyar kakar kasuwa, gobara ta cinye mafi yawan Steeplechase Park, wanda kusan duk gininsa na katako ne. Washegari Tilyou ya kafa allo yana shaida wa jama'a cewa za a gina wanda ya fi na da girma a wurin, ya kuma sa senti 10 ga duk mai son shiga ya ga kufan. A 1908 ya buɗe Pavilion of Fun, wani makeken zaure na ƙarfe da gilashi wanda ya tara yawancin wasannin a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wannan ya magance matsalar da ta kayar da Boyton, domin ko ana ruwan sama kasuwarsa na ci.

Abokan hamayyarsa ba su yi irin wannan sa'a ba. Dundy, wanda ke kula da kuɗin Luna Park, ya rasu a 1907, kuma a 1912 bashi ya ci Thompson har wurin ya fita daga hannunsa. Dreamland kuwa ya ƙone ƙurmus ranar 27 ga watan Mayu, 1911, ana daf da buɗe sabuwar kaka. Wutar ta tashi ne a wasan Hell Gate, inda ma'aikata ke toshe yoyo da kwalta cikin dare. Ba a sake gina shi ba.

Baya ga Coney Island, Tilyou ya buɗe wasu wurare da sunan Steeplechase a Atlantic City da Asbury Park a jihar New Jersey, da Rockaway Beach a New York, da Bridgeport a jihar Connecticut.

Rasuwa

Tilyou ya rasu ranar 30 ga watan Nuwamba, 1914, yana da shekara 52, aka binne shi a maƙabartar Green-Wood da ke Brooklyn. Babban ɗansa Edward, wanda bai kai shekara 20 ba a lokacin, shi ya karɓi ragamar wurin.

Abin da ya bari

Iyalansa sun ci gaba da tafiyar da Steeplechase na tsawon shekara 50 bayan rasuwarsa, suna bin al'adarsa ta sayo abin da ya yi fice a baje koli. A 1941 suka kawo hasumiyar Parachute Jump mai tsayin ƙafa 250 daga baje kolin duniya na New York na 1939, inda ake jan mutane sama da laima a sake su su sauko. Gobara ta lalata Luna Park a 1944, Steeplechase ya rage shi kaɗai cikin ukun.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mallakar mota da talabijin da ƙaurar iyalai zuwa bayan gari sun rage masu zuwa Coney Island. An rufe Steeplechase a watan Satumban 1964. Dillalin gidaje Fred Trump ya sayi filin a 1965, ya rushe zauren gilashin a 1966. Hasumiyar Parachute Jump ce kaɗai ta tsira, kuma tana nan tsaye a matsayin ginin tarihi. A 2001 aka buɗe filin wasan ƙwallon besbol na ƙungiyar Brooklyn Cyclones a wani ɓangare na filin.

Masu nazarin tarihin nishaɗi na ɗaukar gogayyar Steeplechase da Luna Park da Dreamland a matsayin farkon salon kasuwancin da manyan wuraren wasanni ke bi har yau: shinge da kuɗin shiga, sanar da sabon wasa tun kafin a gama gininsa, da amsa wa maƙwabci da abin da ya fi nasa. Ana ganin irin wannan a birnin Orlando da kewayensa a jihar Florida, inda Walt Disney World da aka buɗe a 1971 ke gogayya da wuraren Universal tun 1990.