Alice Hamilton: Likitar da ta bi sawun gubar dalma har cikin mahaifa

A dazukan Birnin Gwari, haƙar zinare ta zama abin dogaron gidaje da dama. Sai dai a wasu wurare dutsen zinare kan zo haɗe da dalma, gubar da Dakta Alice Hamilton ta ƙarar da rayuwarta tana yaƙi da ita.

An haife ta a birnin New York na Amurka a 1869, ta kammala karatun likita a Jami'ar Michigan a 1893. A 1897 ta tare a Hull House, wani gidan taimakon talakawa a Chicago, inda ta buɗe wurin duba jarirai. A nan ta riƙa ganin yadda masana'antu ke cinye lafiyar leburori da iyalansu.

A 1910 jihar Illinois ta ɗora mata binciken cututtukan wuraren aiki. Ta riƙa shiga masana'antu da ƙafarta, ta duba takardun asibitoci, ta bi leburori har gida. Ta gano sana'o'i fiye da 70 da ake cuɗanya da dalma, ta kuma nuna cewa shaƙar ƙurarta ce babbar hanyar kamuwa.

Hamilton ta ja hankali kan yawan ɓari da haihuwar jarirai babu rai a tsakanin matan da ke aiki da dalma. Binciken da ya biyo baya ya bayyana dalili. Mabiyiya, wadda ke kai wa ɗan tayi abinci da iska daga jinin uwa, ba ta iya tare dalma. Jiki kan ajiye gubar a ƙashi tsawon shekaru, kamar sinadarin kalsiyam. Idan mace ta samu ciki, ƙashin ya saki kalsiyam don gina jariri, sai dalmar ta biyo shi, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa.

A 1919 ta zama mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka koyarwa. A 1925 ta yi adawa da zuba dalma a man fetur, amma ba a saurare ta ba. Ta rasu ranar 22 ga Satumba, 1970, tana da shekara 101, watanni uku kafin Amurka ta kafa dokar kare lafiyar ma'aikata.

Gargaɗinta ya iso har Arewa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Matakan da ta nema wa leburorin Chicago su ne likitoci ke nanatawa a yau: a rage ƙura, a yi wanka, a canja kayan aiki kafin a koma gida. A garuruwan masu haƙar zinare kuwa, a fitar da niƙa daga tsakar gida, a nisanta masu juna biyu da yara daga wurin.