Edmund Dulac, Mai Zanen Kan Sarki Da Bai Ga Aikinsa Na Ƙarshe Ba

Daga wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Kudu, kowannenku ya taɓa lasar kan sarki ya manna a ambulan don aika wa gida da gaisuwa. To, amma mutum nawa ne suka taɓa tambayar wanda ya zana ɗan hoton nan? Yau ga labarin ɗaya daga cikinsu.

An haifi Edmund Dulac a birnin Tulus na ƙasar Faransa ran 22 ga Oktoba, 1882. Da fari an sa shi karatun lauya, amma zuciyarsa na wajen zane, sai ya watsar. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ƙaura London, a 1912 kuma ya zama ɗan ƙasar Ingila.

Abin da ya fito da sunansa shi ne hotunan da ya yi wa littafin hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya a 1907. Ya zana fadoji da aljannu da fatake da launi mai taushi, har masu kuɗi suka riƙa sayen littafin don ba da kyauta. Kusan kowace shekara sai ya fitar da irinsa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar littattafan tsada ta mutu. Malamin bai zauna yana kuka ba. Ya shiga zanen hotunan mutane, da tufafin 'yan wasan kwaikwayo, da bangon mujallar Amurka, har da karta.

Yana da shekara fiye da hamsin ya shiga aikin gidan waya. A 1937 shi ya tsara kan sarkin bikin naɗin Sarki Joji na Shida, na kobo ɗaya da rabi, kuma shi ya zana kan Sarkin da aka yi ta bugawa a kan sarkin Ingila har ƙarshen zamaninsa. Kun ga a nan sunan da mu Hausawa muka ba abin ya dace sarai. Aikin kuwa ba wasa ba ne, don fili bai wuce faɗin babban yatsa ba, kuma in aka ɓata hancin sarki miliyoyin mutane za su gani.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Janar de Gaulle ya kafa zango a London. Ƙasashen da suka bi shi suna bukatar kan sarki da takardun kuɗi nasu, waɗanda ba su da alamar gwamnatin Vichy. Dulac aka ba aikin. Ya zana wa Kamaru, ya zana wa yankin Afirka ta Tsakiya na Faransa, wanda Chadi ke ciki. Saboda haka ba mamaki wasiƙun da 'yan'uwanmu na Garwa ko Fort Lamy suka aiko Kano a shekarun nan suna ɗauke da aikin hannunsa. Shi ne kuma ya zana matar nan Marianne, alamar jamhuriyar Faransa, wadda aka buga a London aka sayar a Faransa bayan an kori Jamusawa. A ganina wannan ne aikinsa mafi daraja, domin ƙasar haihuwarsa ya yi wa a lokacin da take cikin ƙunci.

Akwai masu sha'awar tara ambulan ɗin ranar farko, wato ambulan da aka manna wa sabon kan sarki, gidan waya ya buga masa hatimi a ranar da aka fara sayar da shi. In mai zanen ya sa hannu a kai, kuɗinsa ya ƙaru. A nan ne labarin Dulac ke da ban tausayi. Shi ya zana kan sarkin sule da taro na naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 25 ga Mayu, 1953, yana da shekara 70. Aka naɗa Sarauniya ran 2 ga Yuni, aka fara sayar da kan sarkin kashegari, kwana tara bayan rasuwarsa. Don haka duk wanda ya kawo muku ambulan mai hatimin 3 ga Yuni, 1953, ya ce Dulac ya sa hannu a kansa bayan buga hatimin, ku riƙe kuɗinku.