Mitsuyo Maeda: Ɗan Japan ɗin da damben MMA ya samo tushe daga hannunsa

Masu kwana kan waya suna jiran wasan Kamaru Usman ko Israel Adesanya, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan Mitsuyo Maeda. Amma duk lokacin da ɗan wasa ya kayar da abokin karawarsa, ya murɗe masa hannu ko ya shaƙe shi har ya sallama, akwai hannun wannan mutumin a ciki.

An haifi Maeda a shekarar 1878 a yankin Aomori da ke arewacin Japan. Yana yaro ya gwada kokawar sumo, sai dai jikinsa bai kai ba, domin gajere ne marar nauyi. Da ya koma Tokyo karatu sai ya shiga Kodokan, makarantar judo da Jigoro Kano ya kafa a 1882, inda ya yi fice.

A ƙarshen 1904 ya raka malaminsa Tsunejiro Tomita zuwa Amurka don tallata judo. Tafiyar da ba ta ƙare ba ke nan. Bayan sun rabu, Maeda ya shiga yawon duniya yana faɗa don kuɗi: Ingila, Beljiyam, Sifaniya, Kyuba, Meziko. A Sifaniya ne ya samu laƙabin Conde Koma, sunan da ya bi shi har kabari.

Wannan yawon shi ne ya sa labarinsa ya shafi MMA. A Kodokan ɗan judo da ɗan judo ake haɗawa, kowa da rigarsa, kowa ya san doka. A gidajen wasan Turai da Amurka kuwa, yau ɗan dambe ne a gabansa, gobe ƙaton ɗan kokawa da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, wani ma ko rigar da za a kama ba shi da ita. Dole ta sa ya koyi yadda zai kauce wa naushi, ya matsa ya rungumi mutum, ya kai shi ƙasa, a can ya gama da shi. Abin da ake nema ga ɗan MMA na yau ke nan: wanda ya iya naushi kawai, ranar da aka kayar da shi ya shiga uku. Manyan Kodokan dai ba su yi na'am da faɗan kuɗi ba, suna ganin zubar da mutuncin judo ne.

Ana yawan cewa ya yi wasa fiye da dubu bai taɓa faɗuwa ba. Wannan kirari ne irin na masoya, a ɗauke shi a haka.

A 1914 ya isa Burazil, daga baya ya zauna a birnin Belem da ke bakin yankin Amazon. A nan ne wani matashi mai suna Carlos Gracie ya fara koyon salon a makarantarsa. Masu bincike na saɓani kan tsawon lokacin da Carlos ya yi a can, da ko Maeda da kansa ne ya fi koyar da shi ko wani ɗalibinsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, Carlos da ƙanensa Helio sun ɗauki wannan ilimi suka mayar da hankali kan faɗan ƙasa, har ya zama jiu-jitsu na Burazil.

Ɗan Helio, Rorion, yana cikin waɗanda suka kafa UFC. A gasar farko da aka yi a Denver ranar 12 ga Nuwamba, 1993, ƙanensa Royce Gracie ya doke mutum uku a dare ɗaya, duk ta hanyar sa su sallama, alhali yana cikin mafi ƙarancin nauyi a gasar. Daga ranar 'yan dambe da 'yan karate suka fara neman malaman faɗan ƙasa.

Maeda bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya karɓi shaidar zama ɗan Burazil da sunan Otavio Maeda, ya ƙarasa rayuwarsa yana taimaka wa 'yan Japan masu hijira su samu wurin zama da gonaki a Amazon. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa a Belem ranar 28 ga Nuwamba, 1941, yana da shekara 63, kuma a can aka binne shi.